Sai Bango Ya Tsage: Tarihin Tsutsar 1988 da Yadda Ake Toshe Ɓarakar Manhaja

Abin da za mu duba a yau shi ne tarihin wata ɓarna da ta auku a ƙasar Amurka cikin watan Nuwamba na shekarar 1988, da kuma abubuwan da suka biyo bayanta. Na zaɓi in bi ta kan tarihi ne domin maganar tsaron kwamfuta, in aka ɗauko ta ta fuskar ƙa'idoji tsantsa, takan gundure mai sauraro tun ba a je ko'ina ba. Amma in aka ga yadda ɓarawo ya shiga gida guda, da ƙofar da ya bi, da abin da masu gida suka yi bayan gari ya waye, to, sauran bayani yakan zo da sauƙi.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi. Manhaja ita ce jerin umurnin da ɗan Adam ya rubuta wa kwamfuta, ita kuwa kwamfuta tana bin umurnin nan harafi da harafi, ba ta tambayar abin da marubucin ya nufa a zuciyarsa. Duk inda aka sami bambanci tsakanin abin da marubuci ya nufa da abin da ya rubuta, an sami kuskure. Galibin kurakurai ba su wuce su sa na'ura ta tsaya ko lissafi ya karkace ba. Kaɗan daga cikinsu ne ke ba baƙo damar sa na'urar wani ta yi masa aikin da mai ita bai yarda ba, kuma irin waɗannan ne zan riƙa kira ɓaraka. Gyaran da ake aikowa don toshe ɓaraka kuwa zan kira shi faci, kamar dai wanda mai faci ke manna wa taya.

A shekarar 1988 intanet yarinya ce ƙarama. Kwamfutocin da ke haɗe da ita ba su wuce kimanin 60,000 ba, kuma kusan dukkansu suna jami'o'i ne, da cibiyoyin bincike, da ma'aikatun soja na Amurka. Masu kula da su sun san juna, sukan haɗu a tarurruka, zamansu tamkar na unguwar da ba a rufe ƙofa da rana. Da yammacin Laraba, 2 ga Nuwamba, wani ɗalibi mai karatun babban digiri a Jami'ar Cornell, mai suna Robert Tappan Morris, wanda a lokacin yake gab da cika shekara 23, ya saki wata 'yar manhaja da ya rubuta. Bai sake ta daga Cornell ba, ya bi ta wata kwamfuta ta jami'ar MIT domin ya ɓad da sawu. Aikin manhajar shi ne ta nemi wata na'ura a kan waya, ta shiga, ta kwafi kanta a ciki, sa'an nan kwafin ya nemi ta gaba. Mai irin wannan hali, wadda ke yaɗuwa da ƙafarta ba tare da wani ya taɓa komai ba, ita ake kira tsutsa.

Na'urorin da ta iya kamawa iri biyu ne, watau VAX na kamfanin DEC da Sun-3 na kamfanin Sun, masu aiki da tsarin Unix irin na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Hanyoyin da ta bi ta shiga su ne zuciyar wannan lacca, don haka za mu ɗan daɗe a kansu.

Ta farko, kuma wadda ta fi shahara, tana cikin wata ƙaramar manhaja da ake kira fingerd. Aikinta shi ne in wani daga nesa ya aiko da sunan mutum, ta ba shi amsa ko mutumin yana kan na'ura a lokacin. Marubutanta sun ware gurbi mai cin harafi 512 a ƙwaƙwalwar kwamfuta don ajiye sunan da aka aiko, suna ganin babu sunan da zai kai haka. Sai dai umurnin da suka yi amfani da shi wajen karɓar saƙon, wanda ake kira gets a harshen rubuta manhaja na C, ba ya aunawa. Duk abin da aka zuba masa zai ci gaba da karɓa, ko mudu ya cika ko bai cika ba, abin da ya yi saura kuma ya zube a kan maƙwabta.

To, su wane ne maƙwabtan? A nan gizo ke saƙar. Ku ɗauka akawu ne a ofis yake cikin wani aiki, sai aka kira shi ya cika wani fom. Kafin ya tashi sai ya rubuta wa kansa a ƙasan takardar cewa in ya gama ya koma fayil kaza. Haka kwamfuta ke yi: duk sa'ad da za ta shiga wani ɗan aiki, sai ta ajiye adireshin inda za ta koma in ta gama, kuma wannan adireshi yana zaune ne dab da gurbin da ake zuba saƙon baƙo. Tsutsar Morris takan aiko da harafi 536 maimakon 512. Rarar da ta zube ita ke goge adireshin komawa ta sa wani a madadinsa, sabon adireshin kuwa yana nuni ne zuwa cikin saƙon kansa, inda aka riga aka shimfiɗa umurnin da ke buɗe wa baƙo hanyar sarrafa na'urar. Akawu ya gama fom, ya duba ƙasan takarda, ya ga umurni da yake zaton nasa ne, ya bi. Ba a fasa ƙofa ba, ba a karya kwaɗo ba. Na'urar da kanta ta miƙa wuya, tana kan bin ƙa'idar da aka koya mata. Wannan dabara ita ce cika gurbi har ya tumbatsa, kuma ba Morris ya ƙago ta ba, gama wani rahoto da James Anderson ya rubuta wa rundunar sojan sama ta Amurka tun 1972 ya yi nuni da irin wannan rauni. Abin da ya faru a 1988 shi ne an ga aikinta a fili. Ko a nan ma a kan VAX kaɗai dabarar ta ci, domin umurnin da aka cusa na harshen VAX ne.

Hanya ta biyu ta fi sauƙin fahimta, ta kuma fi ban kunya. Manhajar sendmail, wadda Eric Allman ya rubuta a Berkeley, ita ke ɗaukar yawancin wasiƙun intanet a wancan zamani. A cikinta akwai wata ƙofa da aka bari don gwaji, wadda ke ba mai aiko da wasiƙa damar aika ta ga umurni maimakon mutum. Magini ne ya buɗe 'yar ƙofa a baya don shigo da yashi, gini ya ƙare, aka raba gidaje ga jama'a, ƙofar tana nan a buɗe a wurare da yawa.

Hanya ta uku ba ta buƙaci kuskuren manhaja ba ko kaɗan, halin mutane ta dogara a kai. A tsarin Unix na lokacin, fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin sirri kowa na iya karanta shi, illa dai an dagula kalmomin ta hanyar lissafi yadda ba za a iya mai da su asalinsu ba. Tsutsar ba ta wahalar da kanta wajen warwarewa ba. Sai ta riƙa cinka: ta ɗauki sunan mutum ta dagula shi ta gwada da abin da ke fayil, ta juya sunan baibai ta gwada, sa'an nan ta bi wani jeri na kalmomi 432 da take ɗauke da shi, in duk bai yi ba ta buɗe ƙamus ɗin da ke cikin na'urar. Da zarar ta dace da kalmar mutum guda, sai ta sa rigarsa ta shiga sauran na'urorin da suka amince da shi, domin a lokacin akwai al'adar na'ura ta karɓi baƙo daga 'yar'uwarta ba tare da tambaya ba. Da ɗan gari akan ci gari. Wani abin lura a nan shi ne, mahaifin wannan ɗalibi, shi ma Robert Morris, yana cikin waɗanda suka tsara hanyar dagula kalmomin sirri na Unix a cibiyar bincike ta Bell. A 1979 shi da Ken Thompson sun buga maƙala inda suka nuna cewa daga cikin kalmomin sirri 3,289 da suka tattara, kashi 86 cikin ɗari masu sauƙin cinka ne. A 1988 kuwa uban shi ne babban masanin kimiyya a cibiyar tsaron kwamfuta ta hukumar leƙen asiri ta NSA.

Tsutsar ba ta goge fayil ko ɗaya ba, ba ta kuma saci komai ba. Abin da ya mai da ita annoba kuskure ne na marubucinta. Ya tsara ta yadda in ta iso na'ura za ta tambaya ko akwai 'yar'uwarta a ciki, in akwai ɗaya ta janye. Sai ya yi tunanin masu kula da na'urori za su iya yaudararta da amsar ƙarya, don haka ya sa sau ɗaya cikin bakwai ta zauna ko da an ce mata akwai. Ɗaya cikin bakwai ya yi yawa ƙwarai. Cikin 'yan sa'o'i na'ura guda ta tara kwafi bisa kwafi, kowanne yana cinkar kalmomi yana neman maƙwabta, har ta kasa yin aikin komai. In an kashe ta an kunna, kafin a juya sun dawo. Berkeley, da MIT, da Stanford, da cibiyar Ames ta hukumar NASA, da cibiyar Lawrence Livermore duk sun kamu. Adadin da aka fi ambata shi ne na'urori 6,000, watau ɗaya cikin goma, amma ƙiyasi ne aka yi, ba ƙidaya ba.

Da Morris ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya sa wani abokinsa a Harvard ya aika da saƙo marar suna mai bayanin yadda za a tsai da ita. Saƙon ya maƙale a hanya saboda cunkoson da tsutsar kanta ta haddasa, bai isa hannun jama'a ba sai bayan an riga an gano maganin. Wurare da dama kuma sun cire wayarsu daga intanet don tsira, wanda hakan ya hana su samun facin da ake rabawa ta wannan hanya. Aikin ceto ya faɗa kan wasu ƙungiyoyin masana a Berkeley da MIT da Jami'ar Purdue, waɗanda suka kwana biyu ba barci suna kama kwafin tsutsar suna warware shi daga harshen na'ura zuwa rubutun da mutum zai iya karantawa. Tun da asubahin Alhamis Keith Bostic na Berkeley ya fitar da facin sendmail, na fingerd ya biyo baya. Gyaran fingerd bai wuce canja layi kaɗan ba: a cire gets, a sa umurnin da ake gaya wa girman mudu. Ranar 5 ga wata jaridar New York Times ta bayyana sunan Morris.

Abin da ya sami Morris a taƙaice yake. Cornell ta dakatar da shi. A Janairun 1990 kotu a birnin Syracuse ta same shi da laifi a ƙarƙashin dokar zamba da ɓarnar kwamfuta ta 1986, aka yanke masa shekara uku na zaman sa ido, da aikin al'umma na sa'a 400, da tarar dala 10,050. Daga baya ya gama digirinsa na uku a Harvard, ya zama farfesa a MIT, watau jami'ar da ya bi ta cikinta ya saki tsutsar.

Abin da ya fi shafarmu shi ne abin da ya sami hukumomi. Daren nan ya nuna cewa babu ofishin da za a buga wa waya in gobara ta tashi, masana sun nemi juna ne ta hanyar sanayya kawai. Kafin watan Nuwamba ya ƙare, hukumar binciken soja ta DARPA ta sa an kafa cibiyar ɗaukin gaggawa da ake kira CERT a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh. Tsarinta shi ne wanda ya ga ɓaraka ya kawo rahoto, cibiya ta sanar da kamfani a asirce, in faci ya fito a yi shela. Ƙasashe da yawa sun kwaikwayi wannan tsari daga baya.

Sai dai tsarin ya zo da tasa matsalar. Kamfanoni da suka ga babu mai matsa musu sai suka riƙa jan ƙafa, rahoto ya yi watanni a ajiye, alhali ɓata-gari suna musayar labarin a tsakaninsu. Wannan ya sa a 1993 aka buɗe wani zauren wasiƙu mai suna Bugtraq, inda masu bincike ke baje ɓaraka a fili don kunya ta tilasta gyara. A 1996 Elias Levy, da laƙabin Aleph One, ya buga a mujallar Phrack bayani dalla-dalla na yadda ake cika gurbi a karɓe na'ura, dabarar ta zama karatun kowane ɗalibi. Gardamar ko a faɗa ko a ɓoye ta girmi kwamfuta. A baje kolin London na 1851 wani Ba'amurke, Alfred Hobbs, ya buɗe kwaɗunan Chubb da na Bramah da Ingila ke tinƙaho da su, aka yi ta muhawara ko tona asirin kwaɗo taimakon ɓarawo ne. Hujjar masu tonawa a lokacin ita ce ɓarayi sun riga sun sani, mai gida ne kaɗai ke cikin duhu. A ganina wannan hujja tana da ƙarfi, amma ba ta cika ba, domin kwaɗo sai ɓarawo ya je ƙofa da ƙafarsa, ɓarakar manhaja kuwa mutum guda na iya bin ta ya shiga gida dubu ɗari a dare ɗaya. Matsayar da aka fi bi daga baya ita ce a ba kamfani wa'adi. Ƙungiyar bincike da Google ta kafa a 2014, alal misali, ta sa kwana 90, in ya cika ta fallasa ko an gyara ko ba a gyara ba.

Ta fuskar fasaha ma an yi ƙoƙari, kuma dabarun suna da ban sha'awa domin duk sun amince cewa marubuta ba za su daina kuskure ba, sai dai a rage amfanin kuskuren ga maƙiyi. A 1998 Crispin Cowan da abokan aikinsa suka fito da dabarar dasa wata lamba ta sirri tsakanin gurbi da adireshin komawa. In rara ta zube dole ta taka lambar, na'ura kuwa tana duba ta kafin ta koma, in ta ga an taɓa sai ta tsai da aikin. Sun sa mata sunan kanari, tsuntsun da masu haƙar kwal suka riƙa shiga da shi rami a da don ya nuna musu gurɓacewar iska. Bayan haka aka zo da hana na'ura ɗaukar abin da ke gurbin saƙo a matsayin umurni, da kuma sassauya wurin zaman kowane abu a ƙwaƙwalwa duk lokacin da aka kunna, don maƙiyi ya rasa adireshin da zai rubuta. Kowace dabara an sami masu zagaye ta, amma ta ƙara tsadar aikin. A 1999 kuma cibiyar MITRE ta fara rajistar da ke ba kowace ɓaraka lamba, ta buɗe da guda 321. A shekarar 2024 kaɗai an shigar da kimanin 40,000.

Yanzu ina so in jawo hankalin ma'aikata musamman, domin kashi na ƙarshe na wannan tarihi ya fi shafar mai riƙe da ofis fiye da mai rubuta manhaja. Tsutsar Code Red ta kama na'urori fiye da 350,000 a ranar 19 ga Yulin 2001, alhali Microsoft ta fitar da facin wata guda kafin nan. Tsutsar Slammer, wadda dukkan girmanta harafi 376 ne, ta kama kimanin na'urori 75,000 cikin minti goma a ranar 25 ga Janairun 2003, facinta kuwa ya yi wata shida a ajiye. Dukansu biyu cika gurbi ne, irin dai na 1988. Fitar da faci ma yana da nasa haɗari, domin maƙiyi yakan gwada tsohuwar manhaja da sabuwa ya ga inda aka taɓa, nan take ya san inda rauni yake a jikin duk wanda bai manna ba tukuna.

Mafi muni a wannan babi shi ne abin da ya faru ranar 12 ga Mayun 2017, sa'ad da WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa. Ɓarakar da ta bi tana cikin hanyar da na'urorin Windows ke raba fayil a tsakaninsu, makamin da aka yi amfani da shi kuwa wata ƙungiya ce ta watsa shi a watan Afrilu, kuma shugaban Microsoft, Brad Smith, ya faɗa a fili cewa daga rumbun NSA aka sace shi, ya kuma soki gwamnatocin da ke tara ɓaraka a ɓoye maimakon su kai rahoto a gyara. Faci ya fito tun 14 ga Maris. A Ingila, hukumar lafiya ta ƙasa ta soke ganin likita kimanin 19,000, wasu asibitoci suka mai da motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri, ma'aikatar lafiya kuma ta ƙiyasta asarar a fam miliyan 92. Binciken babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya nuna an gargaɗi asibitocin su manna facin tun kafin harin, amma babu tsarin tabbatar da cewa sun yi. Ba zan yi saurin kiran wannan sakaci tsantsa ba. Asibiti ba ya rufewa balle a kashe na'ura a gyara, wasu injunan gwaji kuma suna haɗe da tsohuwar manhajar da in an taɓa ta injin ya daina aiki. Amma rashin sanin adadin na'urorin da ofis ke da su, da wanda alhakin kowacce ke wuyansa, wannan matsalar mulki ce, kuma ita ce rahoton ya fi nanatawa. Abin da ya tsai da yaɗuwar ranar nan shi ne wani matashi ɗan Ingila mai shekara 22, Marcus Hutchins, ya lura tsutsar tana neman wani adireshin intanet da babu mai shi, ya yi rajistarsa da kuɗin da bai kai dala 11 ba, ashe samun amsa daga adireshin shi ne alamar da ke sa ta dakata.

A 2019 injiniyoyin Microsoft suka bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar da suke gyarawa kowace shekara daga kuskuren sarrafa ƙwaƙwalwa take, dangin wanda ya buɗe fingerd. Wannan ne ya sa hankali ya koma kan harsunan rubuta manhaja da ke auna mudu da kansu, kamar Rust, wanda aka fara karɓa cikin zuciyar tsarin Linux a ƙarshen 2022. Shi kuwa umurnin gets, wanda kowa ya san aibinsa tun daren 2 ga Nuwamban 1988, ba a cire shi daga ƙa'idar harshen C ba sai a 2011, bayan shekara 23, saboda tsoron kada tsofaffin manhajojin da suka dogara da shi su daina aiki.